Baƙuwar da Baba Ya Jira a Filin Jirgi

Rano, Jihar Kano.

Zuwa ga Yayana Amiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Muhsina da yara. Allah ya ƙara muku rufin asiri a ƙasar mutane, ya sauƙaƙa muku sanyin Ingila da kake yawan kuka da shi. Mu nan alhamdulillahi. An yi ruwa sau uku, mutane sun fara shuka. Ƴata Afra'u ta fara tafiya, ba ta barin komai a inda aka ajiye shi, Babanta kuma yana nan yana fama da ɗalibansa na sakandare.

Yaya, na zaɓi in rubuta maka ne saboda sau biyu ina ɗaukar waya in kira ka, kuka yana hana ni. Maganar Baba ce. Kada hankalinka ya tashi, jikinsa lafiya ƙalau. Amma kafin komai ina roƙonka, daga yau kada ka sake saya masa katin nan da yake sa ka saya, wanda ake kankarewa kamar katin waya, kuke ce masa gif kad. Na san ce maka ya yi kuɗin darasin tafsiri yake biya da shi a intanet. Babu wani darasi. Ka yi haƙuri, ni ma da na ji da ƙyar na gaskata, don ban taɓa sanin Baba da faɗin abin da ba haka yake ba.

Ka san tun rasuwar Inna, shekara biyu ke nan, gidanmu na Durba ya zama shiru. In na je sai in tarar da shi a zaure shi kaɗai, rediyo tana magana ba ya saurare. Bayan ƙaramar sallah sai na ga ya canza. Ya koma gyara gemu, yana dariya, har tsokanata yake yi. Na yi ta godiya ga Allah. Rannan ya aiko in zo in share ɗakin Inna. Da na shiga sai na ga an yi sabon fenti, an sa labule, an kwashe kwanukanta an tara a buhu. Na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai kamar saurayi, ya ce baƙuwa zai yi. Ya nuna mini hoton wata Baturiya mai kimanin shekara hamsin, da ɗankwali, fuskarta gwanin kirki. Ya ce ma'aikaciyar jinya ce a Kanada, mijinta ya rasu, ta musulunta ta zaɓi suna Fatima Zahra'u. A wani zauren masu karatun addini na intanet ta same shi, ta ce tana neman dattijo mai jin Turanci da zai koya mata salla. Ka san Baba da koyarwa, shekara talatin yana hedimasta. Daga karatu magana ta koma ta aure. Ta ce ba ta son komai sai ta ƙare rayuwarta a ƙauye cikin Musulmi.

Na tambaye shi ko ya taɓa ganinta a kiran bidiyo. Ya ce tun da ta musulunta take jin kunyar nuna fuska ga wanda ba muharraminta ba, wannan ma yana cikin abin da ya sa ta kwanta masa a rai. Na ce to me ya sa bai gaya mana ba? Ya ce ita ta roƙe shi ya ɓoye, wai ƴaƴa ba sa son a maye gurbin uwarsu. Yaya, wannan maganar ce ta rufe mini baki. Na ji tsoron in yi magana ya ɗauka kishin Inna nake yi. Na share ɗakin, na koma Rano ban gaya wa kowa ba. Wannan laifina ne, kuma har yau yana cina.

Ashe tun watanni uku kafin nan take karɓa. Da farko ta ce danginta sun kore ta saboda ta musulunta, sun sa an rufe mata asusun banki, kati kawai za ta iya amfani da shi ta ci abinci. Shi ne ya fara sa ka saya, kana turo masa lambobin, shi kuma yana tura mata. Da ka fara yi masa tambaya sai ya ji nauyi ya daina nemanka. Ya kai shanun huɗarmu biyu kasuwa, ana gab da faɗuwar damina, ya hau mota zuwa Kano ya nemi shagon da ake sayar da katin. Wai kuɗin jirgi ne.

Ranar da ta ce za ta sauka, ya sa farar babbar rigarsa ta Idi, ya ɗauki shatar mota daga Kibiya zuwa filin jirgin Kano tun da hantsi. Direban ne ya ba Baffa Ishiyaku labari daga baya. Ya ce Baba ya ƙi zama, yana tsaye a bakin ƙofar fitowa da ledar dabino a hannu, duk macen da ta fito sai ya duba hoton wayarsa. Azahar da la'asar duk a can ya yi su. Dab da magariba saƙo ya shigo, wai an tsare ta a wata ƙasa a hanya, sai an biya tara da kati za a sake ta. Direban ya ce har suka iso gida Baba addu'a yake ta yi Allah ya kuɓutar da ita. Washegari ya je wurin Baffa yana neman ya tsaya masa shaida, zai sayar da gonar fadama. Baffa ya ce a ba shi kwana biyu, ya hau babur ya zo Rano ya same mu.

Baban Afra'u ne ya karɓi hoton, wanda Baba ya tura wa Baffa a waya, ya bincika a intanet. Cikin ƴan mintuna ya gano na wata mata ce daban, da sunanta da mijinta da jikokinta, ɗankwalin ma ɗora mata shi aka yi. Ya kuma samo mutanen da aka turo wa irin waɗannan kalmomin, har jerin maganar bai canza ba. Ya yi mana bayani cewa suna son katin ne don da zarar lambar ta fita hannunka an gama, ba suna, ba banki, ba wanda za ka kama. Ya ce ba hukumar da ke karɓar tara da katin sayayya, kuma duk wanda ba ka taɓa gani ido da ido ba, ya ce yana sonka, ya ce ka ɓoye wa naka, sannan ya nemi kati, to ɓarawo ne ko da ayar Alƙur'ani ya buɗe magana. Ya ce in gaya maka ka nemo rasit ɗin katunan da ka saya ka kai ƙara ga kamfaninsu, ko Allah zai sa a tarar da wanda ba a ci ba, amma kada mu sa rai.

Mu uku muka je muka same shi. Baban Afra'u ya durƙusa ya nuna masa komai a hankali. Na zaci zai yi faɗa ko ya musa. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya daɗe yana kallon hoton matar nan da jikokinta. Da ya buɗe baki bai ambaci shanu ba. Cewa ya yi kullum bayan asuba yana ɗaukar muryarsa yana karanta mata sura, aya aya, daga Nasi har sun kai Alam tara, ana turo masa da muryar mace tana maimaitawa yana gyara mata. Ya dube ni ya ce to wa yake koya wa ke nan? Baffa ya tashi ya fita waje.

Yanzu kwana tara ke nan. Ya daina zuwa majalisar ƙofar masallaci, yana ganin kowa ya sani, ko da yake mun roƙi direban ya rufa mana asiri. Gona tana hannunmu, Baffa ya aro shanu an yi huɗa. Shekaranjiya wani ya kira shi ya ce jami'i ne, zai dawo masa da kuɗinsa in ya biya na buɗe fayil. Baba da kansa ya kashe wayar ya miƙo mini, ya ce in tafi da ita. Na ƙi karɓa. Mun toshe lambobin na mayar masa, don in na raba shi da ita, da me zai ji muryarka?

Abin da nake roƙo, Yaya, kada ka yi masa faɗa, kada ma ka nuna masa na rubuto. Abin da ya fi damunsa shi ne ƙaryar da ya yi maka. Ya ce mini bai san da wane baki zai gaishe ka ba, shi ya sa kwanan nan kake kira ba ya ɗauka. Ka ci gaba da kira har ya ɗauka. Ka haɗa shi da ɗanka Mujahid, ka ce yaron yana buƙatar mai yi masa tilawa kullum. Ni kuma na shirya da Baban Afra'u zan riƙa kwana biyu a Durba duk mako. Matar nan ba ta ba shi komai ba sai tambayar yadda ya kwana da abin da ya ci, kullum, ba fashi. Mu da ya haifa, sai ranar Juma'a muke tunawa.

Ka gaishe mini da Anti Muhsina da kyau, ka shafa mini kan Mujahid da Halimatu Sa'adiya. Baffa Ishiyaku da Gwaggo Fanta suna gaishe ku, Baban Afra'u ma haka. Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu ikon riƙe wanda ya rage mana.

Ƙanwarka,
Ummukulsum Gwadabe