Lemun Tsamin da Baba Ya Rantse Zai Sare

Zuwa ga Yaya Sani a Ikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aikin reluwe? Ina fatan Yaya Hajara da yara suna lafiya. Mu nan Dandamisa sai godiyar Allah.

Ka kwantar da hankalinka, Baba ya fara taka ƙafarsa. Muna saran rake ne adda ta kufce masa, ta same shi a ƙwauri. Inna ta cusa toka a ciwon kamar yadda aka saba, ta ɗaure da tsumma. Kafin mako guda ƙafar ta kumbura, ɗakin ba ya shiguwa don wari. Wallahi, Yaya, na ɗauka yanke ta za a yi.

Muka ɗora shi kan jaki sai Makarfi. Malamin asibiti ya yi masa allura, ya yi mana faɗa sosai a kan tokar. Ya ce mu tafasa ganyen lemun tsami, in ruwan ya huce mu riƙa wanke ciwon safe da yamma, wai akwai abin da ke cikin ganyen mai hana ciwo ruɓewa.

Ka tuna lemun da ka shuka bayan rumbu, wanda bai taɓa yin 'ya'ya ba, har Baba ya rantse sai ya sare shi bana? Ganyensa muka yi ta tsinka. Jiya na tarar da Baba da sandarsa, yana kewaye lemun da ƙaya saboda awaki.

A taya mu da addu'a. Inna tana gaishe ku. Baba ya ce in faɗa maka ya fara azumin kaffara, rantsuwar nan dai ta karye.

Ƙanenka,
Idi