Waken Mama da Ramin Mai Ƙofa Biyu

Kutztown, 19 ga Mayu

Zuwa ga maƙwabcina Elwood,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya. Shekara shida ke nan ba mu ce wa juna uffan ba, tun da muka raba filin Baba na kafa shingen katako tsakanina da kai, kuma yau ma ba hira ta kawo ni akwatin wasiƙarka ba.

Jiya ka zura tiyo cikin ramin ƙaton kuregen nan da ke gindin rumfar kayanka, ka saki ruwa. To, albishirinka, ruwan ya ɓullo ta tsakiyar lambuna, kuregen ma ta nan ya fito jagab, ya huce haushinsa a kan kunya guda ta wake. Haba Elwood! Tsofai-tsofai da kai ba ka san raminsu ƙofa biyu gare shi ba?

Waken Mama ne, jan nan mai ɗigo-ɗigo da take yi mana miyar hunturu da shi. Bara danshi ya shiga kwalbar, ɗan abin da ya tsira bai cika tafin hannu ba, shi na shuka kakaf. In dabbar nan ta cinye, irin ya ƙare a duniya. Ka riƙe ruwanka.

Ki huta ne nake so in ce wa kaina, amma ina! Ka huta lafiya.

Verna

*

21 ga Mayu

Ƙanwata Verna,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar ƙafarki, don ina hango ki ta taga kina ɗingisawa. Saƙonki ya iso, kuma na ga an yi mini ƙarin girma daga yaya zuwa maƙwabci. Na gode.

Kafin ki kai ni ƙara, wa ya juye kashin kyanwa a ramin ta ɓangarenki makon jiya? Kwana uku ban iya shiga rumfata ba don ɗoyi. Ke ki koro mini, ni in koro miki, shi kuwa yana ta ƙiba. Shi kaɗai ne a unguwar nan bai san an raba filin ba.

Na ce shi, ashe ita ce. Na ɗauko tarko, sai na ga nonuwanta. Kin tuna abin da Baba yake cewa: ba a kama uwa kafin Yuli, 'ya'yan za su mutu a ƙarƙashin gida. Ba zan iya ba.

Dabara ɗaya ta rage. A kewaye waken da ragar waya, a binne gindinta cikin ƙasa a lanƙwaso shi waje, a bar samanta sako-sako yadda in dabbar ta hau za ta faɗo. Matsalar ita ce lambunki ya jingina da shinge, dole a cire katako uku a haƙa ta wurin. Shingen naki ne. Ba zan taɓa ƙusa ɗaya ba sai kin ce.

Ban san waken Mama ne ba. Wallahi da na sani da ban kunna famfon nan ba.

Yayanki, ko an ƙi ko an so,
Elwood

*

26 ga Mayu

Elwood,

Ina gaisuwa. Na yi niyyar in ƙyale ka, don na san halinka, a ba ka katako uku ka kwashe shingen duka. Don in kori kuregen da kaina na rataya faranti, na barbaɗa barkono, na ajiye rediyo a lambu yana ta surutun siyasa. Yau da hantsi na tarar da ita zaune kusa da rediyon tana taunar waken kamar wadda aka gayyata. Ga wasu 'yan mitsi-mitsi huɗu a bayanta suna koyon sana'a.

Tushe tara suka rage. Na zauna a kan bokiti na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ji na yi kamar Mama ce za a sake binnewa.

Zo ka haƙa. Uku na ce, ba huɗu ba. Kuma ka sa hula, wannan sanƙon naka ba ya son rana.

Verna

*

30 ga Yuli

Ƙanwata Verna,

Gaisuwa da fatan alheri. Bayana ya daina ciwo, na gode da man shafawar da na tsinta a kan turken shinge, wanda na tabbata uwar kuregen ce ta ajiye. Burodin masarar da na tarar a gefensa ma ita ce, ko? Ki gaya mata gishiri ya ɗan yi yawa, irin na Mama.

'Ya'yan sun watse. Uwar ta shiga tarko da ɓawon kankana, ta tafi inda ba za ta dame mu ba, na cike ƙofofin biyu da tsakuwa. Aikina ya ƙare, saura in mayar da katakonki kamar yadda na yi alkawari.

Sai dai ga wata sabuwa. Waken ya bi ta giɓin ya tsallako wajena, ya naɗe turken har ya kama igiyar shanyata, ya yi fure fal. In na buga katakon sai na datse shi. Na tsaya da guduma a hannu har kofina ya huce, na kasa. Kuma na duba inda na jingine katakon ban gan su ba.

Ba na so in rufe, Verna. Na faɗa. Amma shingen naki ne.

Yayanki,
Elwood

*

31 ga Yuli

Yaya,

Ina kwana. Daina neman katakon, na kai an yi benci da su. Yana nan a bakin giɓin, kuma ya yi wa mutum ɗaya tsawo.

In waken ya bushe za mu raba irin kwalba biyu, ɗaya a gidanka, kada danshi ya sake samun mu wuri guda.

Kofi ƙarfe huɗu. Kada ka rubuto amsa, tako ka zo.

Ƙanwarka,
Verna