Wasanmu da na Yayana Sun Faɗo Rana Ɗaya

Anti, don Allah ki taimake ni, ina tsakanin rasa aikina da rasa yayana.

Ni ce jami'ar hulɗa da jama'a ta kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garinmu. Aikina shi ne cika filin wasa, a garin da hankalin kowa ke kan ƙwallon kwando da tseren keke. Masu son ƙwallon ƙafar ma sun gwammace su zauna gaban talabijin su kalli na ƙasashen waje. Filinmu na cin mutum dubu takwas, amma ranar da na kama aiki, tsabar rashin jama'a har tarin golanmu ina jiyowa daga kujerata.

Shekara biyu ina fama. Na zaga da 'yan wasa shagunan aski da tashoshin mota, na sa an gyara banɗakin mata, an ware wa iyalai benci a inuwa. Yanzu muna haɗa dubu biyu. Duk da haka mai kulob ya ce in wasanmu na ƙarshe bai tara dubu huɗu ba, zai mayar da kulob ɗin wani gari.

To, Yaya shi ne kocin ƙwallon kwando, zauren da suke wasa na tsallaken titinmu, kuma wasansu na cin kofi ya faɗo rana ɗaya da namu na ƙarshen, Asabar ƙarfe huɗu. Hukumar gasa ta ba ni damar matsar da namu zuwa Lahadi, na ƙi. Don me kullum mu ne masu matsawa? Mutumin da ya ce a gaban 'ya'yana wai filinmu da shanya ya fi dacewa! Ba zan ɓoye miki ba, da gangan na kafa allon tallarmu daidai ƙofar zaurensu. Yanzu ba ya ɗaga wayata, Umma kuma ta dage wai ƙanwa ba ta ja da yayanta. Shi ya fara kai ni kallon wasa, a wuyansa ma, ban manta ba. Amma wallahi ba zan ba da haƙuri don na iya aikina ba.

Ƙanwa Mai Kafiya

Ƙanwata,

Kada ki ba da haƙuri kan aikinki. Daga fili fayau zuwa dubu biyu ba ƙaramin abu ba ne, kuma zama ƙanwa bai sa kulob ɗinki ya zama ƙanin nasa ba. Maganar shanyar ma bai kyauta ba, ki gaya masa ido da ido, ba ta bakin Umma ba.

Amma an ɗauke ki ne ki cika fili, ba ki kayar da Yaya ba. Wanda ya saba zuwa zaurensu ya riga ya iya barin gida don kallon wasa, irinsa kike nema. In kin ce ya zaɓa ranar cin kofi, can zai tafi. Asabar za ta huce miki haushi ne kawai, Lahadi ce za ta kawo miki mutane.

Ki cire allon nan yau, don shi kam neman faɗa ne. Ki karɓi Lahadin, ba don kin ji tsoro ba. Ranar Asabar ki kwashi 'yan wasanki sanye da rigunansu, ku zauna a sahun gaba ku yi ta ihun goyon bayan Yaya har muryarku ta dishe. Ki sanar cewa duk mai tikitin zaure zai samu rangwame a ƙofarku washegari. Sannan ki aika masa da takardar gayyata da sunansa a kan kujera. Ko ya zo ko ya ƙi, magoya bayansa sun gan ku.

Ban yi miki alkawarin dubu huɗu ba. Amma in za ki yi kafiya, ki yi ta a inda za ta cika benci. Allah Ya ba ki sa'a, Ya bar ki da yayanki.

Anti