Mai Wurin Yana Hanya

Baban Auta,

“Ranar da motar nan ta motsa ba ɗigon mai, ni zan fara zama a gaba.” Kai ka faɗa, a tsakar gida, kana wanke baƙin mai a hannunka, kana dariya. To, ta motsa, tun watan jiya.

Bayan haka, ina gaisuwa. Ya jiki, ya ƙugun nan da tuƙin tanka ya hana sakat? Mu lafiya lau muke.

Da ma ka ga 'yarka. Tsohuwar bas ɗin da ka ce ko 'yan gwangwan ba za su ɗauka ba, ta fidda injin, ta jera batura ƙarƙashin kujeru, ta shimfiɗa farantan sola a rufin gareji. Ita ke kai ma'aikatan asibiti da 'yan makaranta yanzu. Ba hayaƙi, ba ƙara, har sai da ta rataya ƙararrawa don awaki ba sa jin zuwanta. Direbobin da suka yi mata ba'a, yau su ne a durƙushe suna leƙen ƙasan motar, suna ce mata Injiniya. Irin riƙonka take wa sifana, har da cije leɓen.

Amma kujerar gaba ta ɗaure ta da igiya. Mota ta cika, mutane na tsaye, sai ta ce mai wurin yana hanya. Ta sha zagi a kan haka, ta haɗiye.

Na san abin da ke cin ka. Gani kake kamar ta ce shekarun da ka yi kana jigilar mai aikin banza ne. Na yi karatun da zan gaya maka: motoci ƙaruwa suke, mai kuma ba gobe za a daina sha ba. Za ka tsufa tankarka ba ta rasa kaya ba. Sai dai jikokinka motar hasken rana za su hau, kuma 'yarka ce ta fara a unguwar nan.

Ka ratsa garin nan ba ka tsaya ba. An gan ka. Ni kuma na ce mata aiki ne ya riƙe ka.

Na ba ka zuwa Asabar, fitar safe. In ba ka zo ba, da hannuna zan kwance igiyar in zauna, kuma a hanya zan gaya mata cewa ba aiki ba ne.

Allah ya tsare hanya.

Taka,
Uwar 'ya'yanka