Sunan da Ba Ki Taɓa Kira Ba

Zuwa ga mahaifiyata, mai wainar ƙofar masaƙa a Bompai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Ubangiji ya yalwata muku makwanci. Mu nan Sharada muna nan yadda kuka bar mu. Ƙanwata Hansatu ta sauka lafiya, mace, an mayar da sunanku. Don haka yanzu kaf gidan babu mai iya kiran jaririyar da sunan yankanta, sai Ummi.

Yaya, haka na tashi na ji ƙannenku suna kiran ku, haka na ɗauka har kuka tafi. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma duk Kano ban ga wanda zan kai wa ita ba.

Kun san karatun da nake nema, ko da yake ba ku taɓa yarda karatu ne ba. Digiri na biyu ne, na koyon duba masu ciwon da ba ya fitowa a hoton asibiti: damuwa, firgita, taɓuwar hankali. Ba allura, ba wuƙa, sai zama da saurare. Ranar da nake yi wa Hansatu bayani a gabanku, tanda kuka duba, ba ni ba, kuka ce, “Ashe surutu ma ana ba shi digiri. To ai wani ya gama tun bai fara ba.”

Ban musa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana dillancin atamfa a kasuwar Kwari kafin ya koma aji, bakinsa ne jarinsa. Amma tun da na zama akawu a ofishin ma'aikata na masaƙar nan ta Sharada, na ga abin da baki ba ya sayarwa. Mutum zai shigo neman hutun ciwon kai, ya zauna yana juya hularsa a gwiwa. Ka bincika ka tarar ba ciwon kai ba ne. An sallami abokan aikinsa, iyalinsa suna Damagaram, ƙarar inji tana bin sa har ɗaki. Ni kuwa abin da nake da shi hatimi ne kawai.

Jami'o'in da ke koyar da wannan karatu suna can kudu, kuma ba sa ɗaukar mutum sai sun zaunar da shi sun yi masa intabiyu. Na farko na je shi kamar mai shiga kasuwa da sabon kaya. Na ari kwat wurin Garba, abokin dillancina na da, hannunta ya wuce yatsuna. Tambaya ɗaya suka yi, na buɗe musu kaina kamar bandir: ga launi, ga ƙwari, ba ya zuba. Wani dattijon likita ya bari sai da na tsaya shan iska, sannan ya ce a hankali, “Malam, a wannan aikin mara lafiya ne yake magana.” Tun kafin in kai tashar jirgin ƙasa na san ba a yi ciniki ba.

Na biyun bayan rasuwarku ne, a wata jami'ar daban. Muka jeru a benci a baranda, ana ruwa irin nasu wanda ba ya gajiya. Kowa da mai rakiya. Wata budurwa uwarta ce ta zo da ita, tana gyara mata wuyan riga, tana kiran sunanta kamar mai tsoron kada ta manta shi. Ni da ledar takarduna ne da ragowar ƙuli-ƙulin hanya. Na kalle su har na ji na fara wuce gona da iri, na mayar da ido kan takalmina.

A ciki na kama bakina, na bar su su ja zaren. Akwai wata likita mai furfura da tabarau, mai sanyin murya. Ta ce wanda zai zauna da damuwar mutane, dole a san inda tasa take kwana. Ta tambaye ni yadda muke da mahaifiyata.

Yaya, wallahi yabonku na tashi yi. Na gyara zama na ce musu da Turanci, “Mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba.” A Sharada idan na faɗi haka, kowa zai gyaɗa kai ya ce Allah ya ji ƙan mace mai kunya, ta riƙe ɗan fari yadda ake riƙe shi. A can ɗakin kuwa babu wanda ya gyaɗa kai. Alƙaluma suka sauka kan takarda. Likitar ta turo mini kofin ruwa.

Na ga an karkace, na ce bari in gyara. Na laluba Turancina ina neman kunya irin taku, wadda uwa ke yi wa ɗanta na fari, ban samu ba. Kalmar da ta zo mini ita ce wadda suke faɗa wa ɓarawon da aka kama a kasuwa. Sai ya fito kamar na ce kuna jin nauyin a san kun haife ni. Likitar ta cire tabarau ta ce, “Amma duk da haka ka kawo kanka har nan.” Kafin in sake buɗe baki aka ce lokaci ya yi, aka kira na bayana.

Idon dillali ba ya mutuwa. Ina fita na san fuskar da na bari a ɗakin, fuskar mai saye ce da ya ga abin da yake so. Kuma haka aka yi. An bugo mini waya ta gidan waya, in koma zagaye na ƙarshe mako mai zuwa, mu kaɗan ne muka rage. Manaja ya ce in na sake ɗaukar hutu kada in yi mamakin tarar da wani a kujerata. Shekaruna kuma ba na mai sake jiran baɗi ba ne.

Na kai wa Garba labarin a rumfarsa. Ya yi dariya har ya ajiye almakashi. Ya ce, “Akawu, kaya suna tafiya, kai kana cewa a dawo a duba baki? Ɗan da uwa ta ƙi, ya yi karatu don ya warkar da irinsa, wa zai ƙi sayen wannan? Ka yi shiru kawai, ba ƙarya ka yi ba. Tsohuwa ko tana raye ai ba ta jin Turanci.” A hisabin kasuwa bai yi kuskure ba. Ni ma da wani ne ya zo mini da ita, shawarar da zan ba shi ke nan.

Daga nan ban koma gida ba, na hau bas zuwa Bompai. Wata ce yanzu a gurbinku, da tanda sabuwa. Aka busa jiniyar tashi daga aiki, ma'aikata suka fito da auduga a gashin ido, suka kewaye ta kamar yadda suke kewaye ku. Ba ta san ni ba. Ta ce, “Malam, ta nawa?” Na saya na tsaya gefe ina ci a tsaye.

A nan na tuna kwanon nan mai murfi da kuke turawa bayan dutsen murhu, wainar farko, wadda gefenta ya soyu. Ba ku taɓa miƙo mini shi ba. Sai dai ku ce wa iska, “Wani ya bar abincinsa yana hucewa.”

Na tuna ranar da na kawo takardar digirina na ajiye a kan tabarma. Hansatu tana guɗa, maƙwabta suna shigowa. Ku kuka juya baya kuna fifita wuta, kuna goge ido da bakin zane, kuna cewa, “Icen nan ɗanye ne, ya cika hayaƙi.” Gawayi ne a murhun, Yaya. Na gani.

Kuma Hansatu ta gaya mini abin da kuka tambaya a asibiti, da la'asar ɗin ƙarshe, ina can wurin aiki. Ba ruwa kuka nema ba. Cewa kuka yi, “Mutumin Kwari ya ci abinci kuwa?”

To wannan matar ce zan bari a rubuce a fayil ɗin baƙi a matsayin wadda ba ta son ɗanta?

Zan koma ranar Talata. Kafin su tambaye ni komai zan roƙi a ba ni dama in gyara maganata. Zan ba su labarin kwanon, da gawayin, da tambayar asibiti, ko da Turancin zai yi ta tuntuɓe. Mai yiwuwa likitar ta gane, don na ga tana da kunne. Mai yiwuwa kuma su ga kayan ba su kai yadda suka zata ba, su ɗauki wani, in dawo in tarar da baƙo a kujerata. Na auna duka biyun. Na sayar da abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ba su kai kuɗinsu ba. Ke ba kya cikinsu.

Kin ji na ce ke. Ki yi haƙuri, yau ɗaya ce. Kin riƙe kunyarki har kabari, ni tawa ta ƙare a barandar nan, ina kallon wata tana gyara wa ’yarta wuyan riga. Ɗakin Sharada ya yi mini faɗi. In an busa tashi babu inda ƙafata take sauri ta je. Ina kewarki, Inna.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga tafkin Annabi. Ya saka miki da alheri a kan kowace waina da kika tura bayan dutse. Ya haɗa mu a inda za ki iya kira na ba tare da kin sunkuyar da kai ba. In ma a can ba za ki iya ba, ki ce wani ya bar abincinsa. Zan gane.

Naki,
Mutumin Kwari