Soson Tankin Muttu da Tsaftar Surukata

Akka Tilagam, ki taimake ni da shawara, don na ci nasara amma ban san yadda zan riƙe ta ba.

Mijina Ilango yana aiki a jirgin ruwa. Da zai tafi bai ce in kula da kaina ba, cewa ya yi in kula da Muttu, wani kifin arowana mai tsawon kamu da ya raina a tankin gilashi tun yana kamar yatsa. Idan ya bugo wayar bidiyo, sai ya ga kifin kafin ya tambayi lafiyata. Na saba, har na fara son mummunan.

Ana gobe bikinmu na girbi, Pongal, kin san yadda ake juye gida a wanke komai. Ina kasuwar rake, Attai, wato surukata, ta kwashe Muttu da sauran ƙananan kifayen a bokiti, ta zubar da ruwan tankin kaf, ta dirje duwatsun, ta wanke soson matacin ruwa da tafasasshen ruwa har ya yi fari tas. Ta ce tun da na shigo gidan nan ba ta ga ƙazanta irin wannan ba.

Ba a gama cin shinkafar biki ba Muttu ya taso saman ruwa yana haki. Attai ta ce bakin baƙi ne ya kama shi, ta rataya lemon tsami da barkono a jikin gilashin. Ni kuwa na zauna na zuba masa ido. Injin iska yana aiki, ruwan bai yi zafi ba, babu ɗigon fari a jikinsa. Sai dai kunnuwansa da yake numfashi da su sun yi ja, suna bugawa da sauri, har ɗan kifin da ke share ƙasa shi ma ya taso. Na ce ciwo ba ya kama kowa rana ɗaya, ruwan ne. Na ɗiga maganin gwaji da Ilango ya bari, ya nuna guba daga kashinsu ta taru, don ƙwayoyin halittar da ke cinye ta a cikin wancan soso suke zaune.

Na daina ba su abinci, na riƙa canja ruwa kaɗan-kaɗan da wanda ya kwana. Sannan na je unguwar Kolathur wajen masu kiwon kifi na roƙo tsohon soso, baƙi ƙirin, na shigo da shi gidan da aka yi wa sabon fenti, a ɓoye cikin kwanon abinci, na sa shi a matacin. Akka, yau Muttu yana yawo a tankinsa kamar mai gidan haya, jiya har ya yi tsalle ya fizge jatan lande daga hannuna. Ni na cece shi, ni kaɗai, kuma ina alfahari!

Ga damuwar. Attai ta gaya wa duk layinmu lemonta ne ya yi aiki, kuma ta rantse kafin ɗanta ya dawo wata mai zuwa za ta sake wanke tankin fiye da da. Idan na faɗi gaskiya, na ce mata ita ta kusa kashe abin da ɗanta ya fi so. Idan na yi shiru, Muttu ba zai sake tsira ba.

Matar Mai Kifi, Perambur

Ƙanwata,

Da farko, sannu da aiki. Kin duba iska, kin duba zafi, kin duba fata, kin lura ba kifi ɗaya ba ne, sannan kika gwada ruwa. Mutane da yawa da sun zuba magani sun ƙarasa shi. Ci gaba da gwajin har ya nuna babu guba, ki dawo da abinci a hankali, soso kuma a ruwan tankin ake matse shi, ba a famfo ba.

Amma ki yi wa Attai adalci. Ba mugunta ta yi ba, ƙauna ce ta sa tsohuwa durƙuso tana dirje duwatsu. Lemonta ba ya cutar da kifi, ki bar mata shi, ki bar mata yabon layi ma. Ke rayuwar Muttu kike nema, ba kambu ba.

Shiru dai ba zai yiwu ba. Ki same ta a kicin lokacin da take haɗa nonon gobe. Kowace uwa a garin nan tana rage cokali ɗaya na tsohon nono ta zuba a madara, kuma duk tsaftarta ba ta taɓa zubar da wannan cokalin ba. Ki ce mata soson nan shi ne cokalin nonon kifin Ilango. Kada ki ambaci Pongal ko kaɗan. Mace ce mai hankali, za ta haɗa sauran da kanta, ki ba ta sarari ta haɗiye shi ba mai kallo.

Sannan ki ba ta aiki: gilashin waje, murfi da teburin nata ne, ta goge su yadda ranta yake so. Ciki naki ne. Ina kyautata zaton kafin jirgin ya iso, ita za ta riƙa kore hannun kowa daga wannan soson.

Allah ya dawo da Ilango lafiya. Kuma ki gaya masa in ji ni, wannan karon ya fara gaida ke kafin kifin.

Akka Tilagam