Ƙuncin Ramin Kwal

Bochum, Jamus, Fabrairu 1964

Yaya Remedios,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya mutanen Granada?

Yaya, abin da zan faɗa miki kada ya kai kunnen Inna. Tun da aka mai da maigidana Eusebio sabon ramin kwal, can ƙasa inda ba a miƙewa sai rarrafe, wani abu ke shaƙe ni. Da ya fita aiki sai maƙogwarona ya tsuke, ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Na je asibiti, likita ya auna ni sama da ƙasa, ya ce, "Angst." Na ce, "Na'am?" Na ɗauka sunana, Angustias, yake son kira, harshensa ya gaza.

Maƙwabciyarmu Malama Hedwig, tsohuwar malamar Latin, ita ta raka ni ta yi mini tafinta. Muna fitowa ta tuntsire da dariya. "Ke 'yar nan, ai bai yi nisa da gaskiya ba. Sunanki da ciwonki uwarsu ɗaya!" Ta ce asalin kalmar ƙunci ne, irin na matsattsen lungu ko igiya a wuya. Mu a Granada muna cewa angustia, Faransawa angoisse, su kuma Jamusawa Angst. "Kowa ya lanƙwasa ta da bakinsa, amma duk wuya take kamawa."

Ni dai ban yi dariya ba. Na san don tunawa da baƙin cikin Budurwa Maryamu Inna ta raɗa mini sunan, amma yanzu ko kirana aka yi sai gabana ya faɗi.

Ƙanwarki,
Angustias

*

Bochum, Maris 1964

Yaya,

Ina gaisuwa.

Ramin ya rufta. Ina wanke tukunya na ji jiniya, na fita da gudu ko takalmi babu. An tare mu a bakin ƙofar ma'aikata, matan Turkawa, matan Italiyawa, matan Jamusawa, ba mai jin yaren wata, kowacce hannunta a wuya. An fito da wasu. Eusebio ba ya cikinsu, shi da amininsa Casimiro. Masu ceto sun ce suna jin ana buga ƙarfe daga ciki, amma ba su san ko wane ne ke bugawa ba.

Malama Hedwig ta kawo mini bargo da miya. Na ce ta tafi gida, sanyi zai kama ta. Ta ce, "Rufe mini baki. Ni ma na taɓa tsayuwar jiran miji, kuma ni kaɗai na yi ta."

Yaya, ki je coci ki kunna masa kyandir. Ni addu'ar ta ƙi fitowa.

Angustias

*

Bochum, Mayu 1964

Yayata abar ƙauna,

Ina fata wannan ta same ku lafiya. Na ga saƙonki, na gode da addu'a. Yanzu kina iya gaya wa Inna.

Kamar yadda na buga miki waya, an zaro Eusebio da rai. Casimiro ne bai fito ba. A gefen Eusebio ya cika, cikin duhu, kafaɗa da kafaɗa. Jikin Eusebio ya warke, sai dai ba ya zama a ɗaki in an rufe ƙofa, ba ya ɓalla maɓallin wuyan riga. Mutumin da tsokanarsa ke hana ni girki, yanzu sai ya yini bai ce uffan ba.

Na roƙe shi mu dawo gida, ko tsinkar zaitun ce mu yi. Ya ce, "In ban sauka ramin yanzu ba, tsoron nan zai bi ni har Granada." Na yi kuka, na yi fushi, har na ɓoye takalmansa. Ya nemo abinsa.

Yau da safe ya koma. Na naɗe masa burodi da wainar ƙwai, ya karɓa. Da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Ki yi mini alkawari ba za ki yini a bakin taga ba." Na yi masa.

Yaya, daga bakin tagar nake rubuto miki.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Angustias